Yadda Mutanen Ƙasa Ke Magana da Jiragen Sama a Lokacin Gobarar Daji



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kumasi zuwa Tamale a lokacin hunturu ya san gobarar daji. Ciyawa ta bushe ƙamas, iska na kaɗawa, wuta na gudu a gefen titi, mutanen ƙauye na bugunta da ɗanyen ganye. Kakanninmu kuma ba su manta da 1983 ba, shekarar da fari da wutar daji suka cinye gonakin koko da na abinci a Gana. Amma akwai ƙasashen da wutar dajinsu ta fi ƙarfin ganye da bokiti, sai an haɗa da jiragen sama. Ostireliya na sahun gaba a cikinsu. A gobarar da ta yi ta ci a can daga ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, mutum 33 suka rasu, gidaje fiye da 3,000 suka ƙone, wuta ta lashe fili kimanin hekta miliyan 24. Wannan fili ya kai girman ƙasar Gana baki ɗayanta.

Abin da talabijin ke nuna mana shi ne jirgi ya yi ƙasa-ƙasa yana feso jan ruwa a kan itatuwa. Maganar da aka yi kafin nan ba a nuna ta. Matuƙin babban jirgi yana gudun fiye da kilomita 200 a awa, cikin hayaƙi, kuma 'yan daƙiƙu kaɗan gare shi ya saki kayansa. Ba ya ganin mutanen da ke ƙarƙashin itatuwa. Shi ma na ƙasa ba ya ganin abin da ke bayan tudu. Kowannensu rabin labari yake da shi, rediyo ce ke haɗa musu shi ya cika. Yadda ake wannan magana, da abin da ke biyo baya idan ta yanke, shi zan yi bayani a kai.

Aikin jirgi da aikin na ƙasa

Jirgi shi kaɗai ba ya kashe babbar gobara. Ruwan da yake zubawa yana rage mata zafi na ɗan lokaci. Jan ruwan nan kuwa magani ne da aka haɗa da gishirin takin zamani, kuma galibi gaban wuta ake shimfiɗa shi, a kan ciyawa da itatuwan da ba ta kai gare su ba tukuna, don idan ta iso ta yi sanyi. Ana sa masa launin ja domin matuƙi ya ga inda na gabansa ya tsaya, ya ɗora daga nan. Bayan haka sai mutanen ƙasa su shigo da tiyo da manjagara da katafila, su kankare ciyawa har sai ƙasa ta fito, su datse wa wutar hanya. A jihar New South Wales, inda birnin Sidni yake, yawancin masu wannan aiki 'yan sa-kai ne. Hukumar kashe gobarar karkara ta jihar tana da mutum kimanin 70,000, manoma da malamai da direbobi da 'yan kasuwa.

Tunda na ƙasa su ne za su ƙarasa aikin, dole ruwa ya sauka a inda za su iya amfana da shi. Idan ya sauka a wani wuri dabam, an yi asarar kaya da lokaci, domin sai jirgi ya koma ya sake lodi. Idan kuma ya sauka a kansu, abin ya fi asara muni. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ƙaramin jirgi irin na feshin gona yana ɗaukar lita kimanin 3,000, wato tan 3. Jirgin Boeing 737 da jihar New South Wales ta saya a 2019 yana ɗaukar lita kimanin 15,000, wato tan 15. Nauyi irin wannan yana karya rassa, yana tuge itace, yana kayar da mutum.

Wa ke magana da wa

Da kowane mai riƙe da oba-oba zai kira kowane matuƙi, da layi ya cika da hayaniya kamar kasuwa. Saboda haka akwai tsari. A ƙasa an raba bakin wuta kashi-kashi, kowane kashi da shugabansa, kuma shi ne yake neman taimakon jirgi. A sama akwai jami'in da ake kira mai kula da farmakin sama. Gogaggen ɗan kwana-kwana ne, yana zaune a cikin ƙaramin jirgi ko jirgi mai saukar ungulu, yana shawagi a saman sauran. Shi ke karɓar buƙatar na ƙasa, ya duba da idonsa, ya zaɓi jirgin da ya dace, ya gaya masa inda zai shigo da inda zai fita. Shi ne kuma idon na ƙasa: idan ya hango wuta ta tsallake ta bayansu, nan take zai sanar da su.

Tsallaken wuta babban abu ne a Ostireliya. Dazuzzukansu cike suke da itacen turare, wanda ganyensa ke da mai, ɓawonsa kuma yana tashi a iska yana ci da wuta, ya je ya kunna sabuwa a nesa, wani lokaci kilomitoci da dama gaban ta farko. Wanda ke sama ne ke fara ganin irin wannan.

Manyan jirage suna da ɗan rakiya. Wani ƙaramin jirgi ne mai sauri yake fara bin hanyar, ya ɗanɗana iskar wurin, ya duba tudu da kwari, sa'an nan babban ya biyo bayansa. Wani lokaci yakan saki ɗan farin hayaƙi ya nuna daidai inda za a fara zubawa. Sunan da 'yan Ostireliya ke kiransa da shi yana nufin karen da ke nuna wa maharbi inda tsuntsu yake. Ni zan kira shi jirgin jagora.

Kowane jirgi yana da sunan kira da lamba, kuma sunan yana nuna aikinsa. A Ostireliya, mai fukafukai da ke zuba ruwa ana ce masa Bomba, babban mai saukar ungulu kuma Helitak. Da an ji "Bomba 134" ko "Helitak" da lambarsa, kowa ya san irin jirgin da ke magana, ba sai an yi dogon bayani ba.

Jiragen suna jere ne hawa-hawa don kada su yi karo. Wannan aiki Ostireliya da Amurka suna yin sa hannu da hannu, domin lokacin zafinsu ya saɓa: idan gobara ta lafa a Amurka, sai wasu jirage da matuƙansu su ƙetara Ostireliya, inda zafi ke kamawa daga Disamba zuwa Fabrairu. A ƙa'idar Amurka, masu saukar ungulu suna aiki daga ƙafa 500 zuwa ƙasa, manyan jirage suna jiran layinsu a ƙafa 1,500, mai kula da farmaki kuma yana can ƙafa 2,500 ko sama da haka. Jirgin da ke tafe zai yi kira tun yana mil 12 daga wutar, kuma ba zai wuce mil 7 ba sai an ba shi izini.

Rediyo iri biyu

Rediyon da matuƙa ke magana da juna da ita dabam take da ta 'yan kwana-kwana. Ta jiragen sama tana aiki tsakanin megahaz 118 da 137, a tsarin AM. Ta ƙasa tana kan wasu tashoshi da wani tsari. Oba-obar da ke hannun ɗan sa-kai ba ta jin abin da matuƙa ke faɗa wa juna. Shi ya sa ake saka wa jirgin kashe gobara rediyo da yawa, kuma mai kula da farmaki yakan saurari layi uku ko huɗu a lokaci guda: na jirage, na mutanen ƙasa, na hedikwata. Kowace safiya ana raba takardar da ke nuna tashar da za a yi amfani da ita ga kowane aiki. Wanda ya saita rediyonsa a tashar jiya zai yi ta kira ba mai amsawa.

Irin wannan rediyo tana tafiya ne a miƙe kamar haske, ba ta ratsa dutse. Mutum biyu da tudu ya raba za su iya kasa jin juna ko da tsakaninsu bai fi kilomita ɗaya ba. Don haka ake kafa turaku a kan duwatsu, masu karɓar magana su sake cilla ta. Amma wuta takan ƙone turakun, ko ta yanke musu lantarki. A irin wannan hali jirgin da ke sama yakan zama ɗan aike, ya karɓi magana daga wannan kwari ya miƙa wa wancan.

Yadda ake kwatance

Idan na ƙasa ya ce "zuba can kusa da babban itacen nan", bai faɗi komai ba, domin daga sama itatuwa dubu ne kuma duk kamarsu ɗaya. Saboda haka an ba wuta sassan jiki. Inda take gudu da ƙarfi shi ne kai. Inda ta faro shi ne baya. Tana da gefen dama da gefen hagu, ana lissafa su kamar mutum yana tsaye a bayanta yana kallon kan. Da an ce "gefen hagu, kusa da kai", matuƙi ya san inda zai duba.

Don nuna wa matuƙi inda kake, ana amfani da fuskar agogo. Hancin jirgi shi ne ƙarfe 12, damar matuƙi ƙarfe 3, wutsiya ƙarfe 6, hagunsa ƙarfe 9. Idan ka ce "ina ƙarfe 3 ɗinka", zai waiga dama. Kuskuren sabon shiga shi ne ya yi lissafin da tasa damar maimakon ta matuƙi. Ana kuma haska madubi, ko a shimfiɗa kyalle mai launi mai haske, ko a karanta lambobin na'urar GPS. Iska ana kiranta da inda ta fito: iskar arewa ita ce mai tahowa daga arewa. Kuma wajibi ne na ƙasa ya ambaci duk abin da zai iya kama jirgi, musamman wayoyin lantarki, waɗanda da ƙyar ake ganinsu daga sama.

Haruffa ma suna da sunaye. A cikin ƙarar inji, B da D da T duk ɗaya suke a kunne, don haka ake cewa Alfa, Bravo, Charlie, Delta a madadin A, B, C, D. Mu ma a makaranta haka muke yi idan muka ce ha ƙarami da ha babba. Sai kuma babbar ƙa'ida, wato maimaitawa. Wanda aka ba umarni zai biya shi da bakinsa, kamar yadda ɗalibi ke biya karatu bayan malam, don wanda ya faɗa ya tabbatar an ji daidai.

Kafin zubawa da bayanta

Ga misalin da na tsara don a ga yadda maganar ke tafiya. Su da Turanci suke yi.

Na ƙasa: "Mai kula da farmaki, shugaban kashin arewa ne. Ina son ruwa a gefen hagu, daga titi zuwa rafi. Iskar yamma ce. Akwai wayar lantarki tare da titin."

Na sama: "Kashin arewa, na ji. Gefen hagu, titi zuwa rafi, waya tare da titi. Helitak zai iso nan da minti uku. Mutanenka sun fita daga layin?"

Na ƙasa: "Dakata." Sai ya ƙirga mutanensa. "Duk sun fita, layi ba kowa."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce izinin zubawa. Jirage da yawa a Ostireliya suna da jiniya da suke busawa kafin su saki ruwa, don wanda bai ji rediyo ba. Ana kuma koya wa 'yan kwana-kwana abin da za su yi idan zubawa ta rutsa da su: mutum ya kwanta rub-da-ciki, kansa na fuskantar inda jirgi ke tahowa, hular kwano a kansa, ya riƙe kayan aikinsa a gefe nesa da jikinsa.

Dalilin wannan tsanani ya bayyana a jihar Kalifoniya ta Amurka ranar 13 ga Agusta 2018. Jirgin Boeing 747 ya saki jan ruwa yana ƙasa fiye da yadda aka tsara, saboda wani tudu da itatuwa suka ɓoye wa matuƙan. Maganin bai samu damar watsewa a iska ba, ya sauko a dunƙule, ya tuge wani dogon itace. Wani shugaban 'yan kwana-kwana da ya zo taimako daga jihar Utah ya rasu, wasu uku suka ji rauni.

Bayan an zuba, magana ba ta ƙare ba. Na ƙasa zai ba da rahoto: ya sauka daidai, ko ya gaza, ko ya wuce, ko iska ta kwashe shi gefe, ko ganye ya tare shi bai kai ƙasa ba. Matuƙi ya riga ya wuce, bai ga saukarsa ba. Idan aka ce masa "ya yi kyau" don kara alhali bai yi ba, zai maimaita kuskuren a zagaye na gaba.

Idan magana ta yanke

Ranar 30 ga Yuni 2013, a kusa da garin Yarnell na jihar Arizona a Amurka, wata ƙungiyar ƙwararrun 'yan kwana-kwana mai mutum 20 tana aiki a kan tudu. Ɗaya an ajiye shi a wani wuri yana gadin motsin wuta. Sauran 19 suna cikin filin da ya riga ya ƙone, wanda shi ne wuri mafi aminci tunda wuta ba ta da abin ci a can. Daga baya suka bar wurin, suka gangara wani kwari mai busasshen daji suna nufin wata gona. Masu bincike sun gano cewa an yi fiye da minti 30 ba tare da wata magana da ta fayyace inda suke ba, kuma shugabanni sun ɗauka suna nan inda aka san su. Hadari ya taso, iska ta juya, wuta ta tare su. Wajen ƙarfe 4:40 na yamma suka kira na sama. A daidai lokacin akwai katafaren jirgi DC-10, mai ɗaukar fiye da lita 35,000, yana shawagi da kayansa yana jiran a gaya masa inda zai zuba. Hayaƙi ya rufe ƙasa, kuma babu wanda ya san takamaiman wurin. Dukansu 19 suka rasu.

A Yarnell na sama ne bai san inda na ƙasa suke ba. A Ostireliya, ranar 23 ga Janairu 2020, labarin da ke hannun na ƙasa ne bai kai sama ba. An tura jirgin C-130 mai sunan kira Bomba 134 daga sansanin Richmond kusa da Sidni zuwa wata gobara a Adaminaby, yankin duwatsun kudancin jihar. Iska ta yi ƙarfi ƙwarai a ranar. Ƙananan jiragen yankin sun daina tashi, matuƙin jirgin jagora kuma ya ƙi karɓar aikin saboda yanayin. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Ostireliya, a rahotonta na Agusta 2022, ta ce masu tura jirgin ba su isar da wannan labari ga ma'aikatansa ba, kuma a lokacin babu rubutacciyar ƙa'ida kan yadda za a sanar da sauran matuƙa idan wani ya ƙi aiki. Matuƙin 737 da ya riga su zuwa ya gaya musu a hanya cewa iskar wurin ba ta da kyau kuma shi ba zai koma ba. Da suka isa suka ga ba za a iya zubawa ba, sai aka juya su zuwa wata gobara a Peak View, arewa maso gabashin garin Cooma, ba jagora a gabansu. Jim kaɗan bayan sun saki wani ɓangare na kayansu, iska ta canja musu, fukafukai suka rasa abin da ke ɗauke da su, jirgin ya faɗi. Mutum uku da ke ciki, dukansu Amurkawa, suka rasu. Iska ce ta kayar da jirgin, amma masu binciken sun nuna cewa matuƙan sun yanke shawararsu ba tare da cikakken labari ba.

Abin da ake gyarawa

Bayan gobarar 2019 da 2020, gwamnatin Ostireliya ta kafa babban kwamitin bincike, wanda ya fitar da shawarwari 80 a Oktoba 2020. Ɗaya daga cikinsu ta shafi rediyo: 'yan kwana-kwanan da suka ƙetara daga wata jiha zuwa wata don taimako sukan tarar rediyonsu ba ta magana da ta masu masaukinsu, don haka aka ce a daidaita tsarin. Ana kuma ƙara saka na'urorin da ke nuna inda mota ko jirgi yake a kan taswira, ta yadda ko mutum bai yi magana ba za a san wurinsa. Wasu jirage suna ɗauke da kyamara mai ganin zafi ta cikin hayaƙi, su aiko da taswirar wutar zuwa hedikwata.

Duk da haka na'ura ba ta san niyyar mutum ba. Za ta nuna inda yake yanzu, amma inda zai dosa da dalilinsa sai ya faɗa da bakinsa. Shi ya sa horon da ake ba sabon ɗan sa-kai har yau yake komawa kan abubuwa kaɗan: ka faɗi wanda kake kira, ka faɗi ko kai wane ne, ka faɗi inda kake, ka taƙaita, ka jira a maimaita maka. Idan ka tashi daga wurin da aka san ka, ka sanar kafin ka ɗaga ƙafa. Idan ka ji labarin da ya shafi ran wani, kada ka ɗauka wani ya riga ya gaya masa.

Ƙannena, idan kun sake ganin jirgin nan mai jan ruwa a talabijin, ku tuna akwai wani mutum a ƙarƙashin hayaƙin, da oba-oba a hannu, wanda ya ƙirga mutanensa ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce a zuba.